Malam Iliyasu Kawo, Mai Jifan Juyi da Bai Sami Magaji Ba

Ranar Talata, 16 ga Satumba, Allah ya karɓi ran Malam Iliyasu Kawo a nan birnin Greensboro, a jihar Karolina. Ya yanke jiki ya faɗi a garejin da ya daɗe yana gyaran manyan motocin kaya, kuma kafin a isa asibiti da shi rai ya yi halinsa. Likitoci sun ce zuciya ce. Yana da shekara sittin da huɗu. Ya bar matarsa, Hajiya Khadijatu, da 'ya'ya biyu, Rahina da Haidar. Daga Allah muka zo, wurinSa kuma muka nufa.

Jama'armu a garin nan sun san shi da abu biyu: shi ake kira idan mota ta mutu a babbar hanya, shi ake kira idan baƙo ya sauka a filin jirgi ba mai ɗaukarsa. Ni ma haka na san shi. Shi ya samo mini ɗaki a unguwar Glenwood makon da na zo, ya kawo mini katifa a bayan motarsa, ya nuna mini inda ake tsayawa jiran bas, bai tambaye ni ko ɗan gidan wa ne ba sai da muka yi wata guda. Masu irin wannan labari a kansa suna da yawa, za su faɗa. Ni zan yi magana a kan abin da za a fara mantawa, wato cewa shi kaɗai ne Bahaushe a ƙungiyar kurket da yake bugawa, kuma ya rasu bai ajiye wasan ba.

Ga wanda bai san kurket ba: mai jifa yana jefa wata ƙwallon fata ja mai tauri, ta doki ƙasa ta nufi sanduna uku da aka kafa a bayan mai bugu, shi kuma yana kare su da katako, yana neman ya kora ƙwallon nesa. Wasu masu jifan gudu suke yowa su wurgo da ƙarfi. Wasu kuma takowa suke yi a hankali, su murɗa ƙwallon da yatsu da wuyan hannu, ta taho kamar za ta bi dama, tana taɓa ƙasa ta karkace hagu. Wannan shi ne jifan juyi, kuma shi Malam Iliyasu ya koya tun yana sakandare a Kaduna, a hannun wani malamin lissafi Ba'indiye. Ya taɓa nuna mini yatsansa na kusa da ƙarami. Ya lanƙwashe, ya yi kanta, bai ƙara miƙewa daidai ba tun yana saurayi.

Mahaɗarmu ita ce bayan shagon Shekari a kan titin Gate City Boulevard. Shekari mutumin Zankuwa ne, yana sayar da doya da manja da busasshen kifi, kuma shi ne ya daɗe yana tsaron bayan sanduna idan Malam Iliyasu yana jifa, kafin gwiwa ta zaunar da shi. A can ciki, tsakanin buhunan shinkafa, akwai talabijin da kujeru uku. Idan ana wasa a Ingila, safiyar Asabar ce a wurinmu. Mukan zauna mu uku mu kalla, mu yi gardama da Hausa. Ban sani ba ko akwai wani ɗaki a ƙasar nan da ake gardamar kurket da Hausa. Ina shakka.

Ra'ayoyin Malam Iliyasu ba su da yawa, amma ba ya sakin su. Ƙungiyar tsibiran Karebiyan ya bi tun yana yaro yana jin su a rediyo, kuma ya yi shekaru yana kallon su suna shan kaye ba tare da ya canja ba, sai dai ya girgiza kai ya ce yaran ba su da laifi, ba a bar su sun daɗe a fili ba ne. Gajeren wasan nan da ake gamawa cikin yamma ɗaya, wanda duniya ta raja'a a kansa yanzu, yana kallonsa amma ba ya yi masa daɗi. Ya ce an matso da iyakar fili, an ƙara wa katako kauri, an mai da mai jifa ɗan aiken mai bugu. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne ya ga kyaftin ya cire mai juyi don an kora masa ƙwallo waje sau ɗaya. A ganinsa mai juyi dole ne a fara dukansa. Yana barin mai bugu ya ji daɗi, ya saki jiki, ya fito daga inda ya kamata ya tsaya, sannan ya aiko masa da wadda ba ta juyawa ko kaɗan. Wanda ba zai iya jira ba, in ji shi, bai kamata a ba shi jagorancin komai ba, ko da na layin sallah ne.

Shekari ya fi son masu ƙarfi, kuma yakan ce masu juyi malalata ne da suka sami hanyar yin wasa ba gumi. A kan wannan suka shekara suna musu, Martha matar Shekari tana leƙowa daga kanta ta ce su rage murya, kwastoma sun ɗauka faɗa ake yi. Lokacin da Martha ta kwanta asibiti, Malam Iliyasu ne ya riƙa tsare shagon duk ƙarshen mako har ta warke, yana auna wa matan Gana garin rogo da hannun da bai gama fita daga baƙin mai ba. A wannan bazarar bai buga wasa ko ɗaya ba, kuma bai taɓa ambaton hakan ba.

Akwai wani wasa da mutanen ƙungiyarsa har yau suke magana a kansa. Saura mai bugu ɗaya su fitar su ci kofin shiyya. Malam Iliyasu ya jefa, mai bugu ya doka, ƙwallon ta tashi ta dawo wajensa, ya yi sufa ya cafe, alƙali ya ɗaga yatsa alamar mai bugu ya fita, 'yan ƙungiya suka ruga suna murna. Ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya gaya wa alƙali cewa ƙwallon ta taɓa ciyawa kafin ta shiga hannunsa. Ba wanda ya gani, babu kyamara a filin. Aka dawo da mai bugu, kuma shi ne ya ƙarasa cinye su. Kyaftin ɗinsu, Justin, wani likitan haƙori ɗan Jamaika, ya daɗe ba ya yi masa magana sai gaisuwa. Daga baya shi da kansa yake ba da labarin a duk taro.

Inda ya fi tsanani shi ne batun ritaya. Duk lokacin da wani babban ɗan wasa na duniya ya tsufa yana jan ƙafa, ana ta sa shi don sunansa, Malam Iliyasu yakan ce mutum ya tafi tun ana tambayar me ya sa, kada ya jira a fara tambayar yaushe. Ya ce kowace shekarar da tsoho ya ƙara, wani yaro ne ya rasa ta. Wata rana Shekari ya juyo ya dube shi sama da ƙasa.

"To kai fa, Baba tsoho? Gemunka ya fi rigarka fari. Jifanka yanzu ko Martha za ta kora shi har titi."

"Su suna da mai jiran kujera," in ji Malam Iliyasu. "Ni nuna mini wanda ke jira, yau ɗin nan in miƙa masa ƙwallon."

Babu mai jiran. Mun san ya nema. Ya yi shekaru yana bin gidajenmu yana roƙon iyaye su ba shi yara ranar Asabar. Wasu suka ce akwai Islamiyya, wasu suka ce akwai koyon waƙa a coci, wasu suka tambaya ko ana samun gurbin jami'a da shi kamar ƙwallon kwando. Da aka ce da wuya, magana ta ƙare. Waɗanda suka zo sau ɗaya ba su dawo ba. Haidar ɗansa ya gaya masa da Turanci, cikin ladabi, cewa wasan ya cika tsawo kuma ba abokinsa ko ɗaya da ya san shi. Rahina ce ta koya. Tana 'yar sakandare ƙwallonta ta fi tasa juyawa, ya gaya mini haka da bakinsa, yana dariya yana share ido. Amma ba ƙungiyar mata a kusa, ta maza kuma ba ta da wurinta. Ta tafi karatun haɗa magunguna a wata jiha, ta kama aiki, ta yi iyali. Ya ce Allah ya ba shi magaji, gari bai ba ta fili ba.

A al'adar kurket, idan ɗan wasa mai daraja zai buga wasansa na ƙarshe, abokan wasa sukan yi layi biyu su ɗaga katakansu sama su haɗa kamar rumfa, ya bi ta ƙarƙashi ya shiga fili. Bara, a walimar ƙarshen kakar wasa da Justin ya yi a gidansa a unguwar Irving Park, ya tashi ya ce ƙungiya ta shirya yi wa Malam Iliyasu wannan, ya zaɓi rana. Malam Iliyasu ya yi godiya ya ce a dakata tukuna. Bana ma aka sake yi masa tayin, ya sake cewa a dakata. Justin ya ɗauka kunya ce. Ba kunya ba ce.

Malam, kai ka san abin da kake yi, kuma ka san ya saɓa wa duk abin da ka faɗa a bayan shagon nan. Kafaɗarka ta daina ɗagawa sosai. Yaran da ka girme wa iyayensu suna kora ƙwallonka cikin bishiyoyi, kana tsaye kana kallo, ka karɓo ka sake takowa. Ka zama irin tsohon da kake suka. Ka yarda da wannan saboda ka san ranar da ka bi ta ƙarƙashin rumfar nan, babu sauran namu a filin.

Ranar jana'izarka 'yan ƙungiyar suka zo maƙabarta cikin fararen kayan wasa, Indiyawa da 'yan Pakistan da mutanen tsibirai. Justin ya ja ni gefe. Ya ce katakan suna cikin but ɗin motoci, suna so su yi layi biyu daga motar gawa zuwa bakin kabari, a wuce da kai ta ƙarƙashi, tun da ba ka bari an yi maka kana da rai ba. Ya roƙe ni in gaya wa manya. 'Yan Pakistan ɗin suka sunkuyar da kai, don sun san amsar.

Na je wurin Alhaji Salifou, dattijon Damagaram da ke jagorantar jana'izarmu. Bai taɓa ganin kurket ba, sai da na yi masa bayani sau biyu. Ya saurara har ƙarshe, ya dubi mutanen nan masu fararen kaya, ya ce in yi musu godiya ƙwarai, ya ga ƙauna ce ta kawo su.

"Amma wannan ba fili zai shiga ba. Wurin Ubangijinsa zai je. A bar shi ya wuce haka nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma na tabbata da kai aka tambaya haka za ka ce. Na koma na gaya wa Justin. Bai yi gardama ba. Aka wuce da kai a kafaɗun mutane, ba komai a samanka. Da aka zo rufewa, Alhaji Salifou ya miƙa wa Justin shebur da hannunsa, sauran suka bi layi suna karɓa. Jar ƙasar Karolina ta ɓata fararen wandunansu har gwiwa. Shekari bai iya riƙe shebur ba, ya zauna a kan wani dutse ya juya mana baya.

A makon da ya biyo baya Justin ya kira ni. Ya ce saura wasanni kaɗan kaka ta ƙare, kuma ƙungiya ta yanke shawarar ba za ta cike gurbinka ba sai da ɗan Najeriya, don yanzu ya fahimci abin da kake jira. Ko da wanda bai iya ba ne, in ji shi, za su koya masa. Ya tambaye ni suna. Na bi gidajenmu a raina ɗaya bayan ɗaya, daga Gate City Boulevard har ƙarshen gari, na masallaci da na coci. Na kira Shekari, shi ma ya bi. Ba mu sami ko ɗaya ba. Na koma na gaya wa Justin ya sa wanda ya samu. Wani ɗalibi ne ɗan Indiya, mai jifan ƙarfi. An ce yana da kyau.

Shekari ya cire talabijin ɗin daga bayan shago, ya ce wurin zai fi amfani da kaya.

Allah ya jiƙanka, Malam Iliyasu. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata makwancinka, ya sa gaskiyar da ka riƙe inda ba mai ganinka ta tsaya maka a ranar da komai zai fito fili. Allah ya sa baƙin da ka ɗauko daga filin jirgi da matafiyan da ka tsaya wa a gefen hanya su zama shaidarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Khadijatu, da Rahina da Haidar, da 'yan'uwansa a Kawo, da Shekari da iyalinsa, da abokan wasansa da suka rufe shi da hannuwansu. Allah ya ba su haƙuri. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.