Ruwan Wiwi a Idon Hagu

Assalamu alaikum jama'a. Masu tambaya ko Alhaji Bawa na Danwarai ya rasu ne, ga ni. Da hannuna nake rubuta wannan, kuma ina ganin abin da nake rubutawa. Allahu Akbar.

Tun bara na yi shiru a nan saboda idanu. Abin ya fara kamar hayaƙi. In na dubi fangalin albasa sai in ga kore kawai, ban rarrabe shuka da ciyawa. Daga nan haruffa suka narke. Ni da sai da furfura ta fito na shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma, na sha dariyar mutane kafin na iya haɗa baƙi, sai ga karatun yana gudu na. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

A lokacin ne ake ta gardama a rediyo kan ko a halatta wiwi saboda magani. Majalisarmu ta gindin dogonyaro ita ma ta ɗauka. Wani ya ce ƙasashe na cin arziki da ita. Liman ya ce, "Halattawa ta Allah ce, ba ta 'yan Abuja ba." Wani baƙo daga Maiyama, wanda ɗansa ke ɗaure a gida saboda ita, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Taubashina Ige direban motar albasa ne zuwa Kudu. Ya zo har gida da ƙulli a leda.

"Makaho, tashi ga maganinka. An halatta ta, da kunnena na ji. Har Turawa sun ce maganin ido ce."

Na ce, "Kai da ko lambar motarka ba ka iya karantawa, yaushe ka zama likita?"

"To kai da ka iya, karanta min yanzu mu gani."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Kalmar nan halatta ita ta ci mu. A kunnenmu abin da aka ce halal ne ba ya cutarwa. Ashe muhawara kawai ake yi, ba a ma yanke komai ba.

Aka jiƙa ganyen a kofi. Maiɗakina Hajiya Kulu ta zo ta tsaya a kanmu.

"Ko maganin feshi kunka sawo, fangali guda kuke fara gwadawa. Ido guda za a ɗiga wa, in ba haka ba in zubar da shi."

Ige ya ce tsoro ne irin na mata. Aka ɗiga a na hagu.

Kafin kwana biyu ido ya kumbura ya rufe, zafi kamar an cusa barkono, mugunya na zuba. Ɗana Sanusi ya kai ni asibiti a Jega, daga can aka tura mu wajen likitocin ido.

Aka haska fitila, aka ɗiga wani ruwa rawaya, aka auna sukari da hawan jini. Likitar mace ce, sa'ar ɗiyata. Ta ce, "Baba, me aka sa a nan?" Hajiya ta faɗa mata duka.

Likitar ta ce, "Baba, ciwon da ake maganar wiwi a kansa hawan jinin ido ne, shi ma ba jiƙa ganye ake yi ba. Kai yanar ido ce gare ka, aikinta bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba. Na hagu ya yi gyambo. Na dama kuwa, ku gode wa wanda ya hana."

Hajiya ta yi gyaran murya. Har yau tana yi.

Sai da aka yi makonni ana ɗiga magani ba ƙaƙƙautawa kafin gyambon ya mutu. Albasar da muka ajiye muna jiran farashi, duk ta tafi a nan.

Ranar aiki na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ido guda ya rage mini, shi za a sa wa wuƙa. Aka kashe zafin wurin, aka rufe mini fuska da ƙyalle. Ina jin ƙarar ƙarafa, ina ta salati.

Washegari da safe aka cire filasta.

Jama'a, ban san sararin sama yana da wannan shuɗin ba. Na ga zaren da ke bakin hijabin ma'aikaciyar jinya, zare ɗai-ɗai. Na ga layukan tafin hannuna. Subhanallah, duk wannan yana nan ina zaune cikin hayaƙi?

Sai surukata ta ɗora mini jikata Nana, wadda aka haifa ina cikin duhu. Nauyinta da kukanta kawai na sani. Ga ta da haƙora biyu, tana kallo na kamar ta zo bincike. Hawaye suka zubo, aka ce kar in goge.

Na ce, "Ashe amaryata ta fi uwargida kyau."

Hajiya ta ce, "Da na sani, da duka biyu anka ɗiga."

Na hagu haske kawai yake gani, kuma haka zai zauna. Ige ya zo ya durƙusa yana kuka kamar ba direba ba. Na yafe masa, don so ne ya kai shi.

Maganar halatta wiwi, na bar wa malamai da masu doka. In akwai magani a cikinta, ya biyo ta hannun likita da awo, ba ta kofin gida ba.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci, da ku da kuka yi ta addu'a. Roƙona ɗaya ne. Kar a ɗiga komai a ido sai an duba, ko ruwan ganye, ko na albasa, ko nono. Kuma akwai tsofaffi zaune a ɗakunan Danwarai da Jandutsi da suka ɗauka makantar tsufa ce, alhali yanar ido ce kawai. In kana da irinsa a gida, kama hannunsa ka kai shi. Wataƙila shi ma akwai jikan da bai taɓa gani ba.