Yaya Habu da Katin Shahon da Bai Samu Ba

A wannan watan yayana Habu ya cika shekara tara da rasuwa, kuma har yau gwangwanayensa suna ƙarƙashin gadona. Gwangwanayen biskit ne masu faɗi, cike da tsofaffin katunan waya da ba za a iya kiran kowa da su ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi niyyar rubuta masa irin abin da ake rubuta wa mamaci, in ambaci kirkinsa da haƙurinsa, in roƙa masa gafara. Gafarar kam ina roƙa masa kullum, Allah Ya ji ƙansa. Amma da zarar na zauna rubutu sai haushinsa ya taso mini sabo fil, kamar jiya muka gama musu. Bana dai na ce bari in rubuta shi da haushin, don haka muka yi zamanmu da shi.

Yaran yanzu ba su san katin waya ba. Kafin wayar hannu ta shiga aljihun kowa, a nan Makka akwai wayoyi a bakin titi, kowace cikin 'yar rumfarta. Sai ka sayi kati a baƙala, wato ɗan kantin unguwa, ka zura, ka kira gida. In abin da ke ciki ya ƙare ka yar, ka yi gaba. Kowane kati da hotonsa a baya, kuma jeri-jeri ake fitar da su: na raƙuma, na furanni, na tsofaffin ƙofofi, na tsuntsaye. Duk mai hankali yarwa yake yi. Yaya Habu tsincewa yake yi.

Daga Katsina ya zo aikin hajji bai koma ba, ni kuma na biyo bayansa. Muka zauna gida ɗaya a unguwar Tandabawi, shi da matarsa Rabi a ɗakin ciki, ni da keken ɗinkina a ɗakin zaure. Dako yake yi wa alhazai, wani lokaci ya tura keken tsofaffi. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma duk wanda ya yi zaman nan ba takarda ya san yadda ake tafiya: ka bi gefe, ka sunkuyar da kai, kada ka tsaya inda za a tambaye ka. Shi kuwa sai ya je ya kafe a bayan baƙon da ke waya, yana jira ya gama ya roƙi katin. Na sha ganinsa yana bin wani alhajin Indunisiya ko na Turkiyya da hannu da ido, ba su jin harshen juna, mutumin yana tsammanin sadaka yake nema. In ya dawo gida sai ya goge katunan da tsumma, ya ɗaga su a haske yana neman ƙarzuwa, ya jera su a tabarma. Abinci ya huce, Rabi ta yi magana har ta gaji.

Ranar sunan 'yarsa ta fari, Zainab, gari ya waye babu uban jaririya. Wani ya gaya masa akwai mai gyaran agogo a Jidda da ke da katin alhudahuda, ɗaya daga cikin katuna biyu na jerin tsuntsaye da suka yi wuyar samu. Mutum ba takarda, ya kama hanyar Jidda da duk wuraren binciken da ke kanta, saboda hoton tsuntsu. Ni na tari baƙi, ni na tsaya aka yanka rago, ni na yi ta ƙirƙiro uzuri har bakina ya bushe. Da la'asar sai ga shi ya shigo yana murmushi, ƙura har gira, ya ciro katin daga cikin hularsa ya nuna mini. Na ce masa, "Yaya, an raɗa wa 'yarka suna ba ka nan." Ya ce, "Ai na san sunan, ni na zaɓa. Wannan kuwa da na kai gobe wani ya riga ni." Har yau in na tuna amsar nan sai in ji zuciyata ta yi zafi.

Da alhudahuda ya shigo hannu, saura kati ɗaya jerin tsuntsaye ya cika, wato na shaho. Duk Makka mutum ɗaya muka sani yana da shi, Alhaji Adam, mai sayar da turare da carbi a kasuwar Zahir. Iyayensa ta Sudan suka biyo, Hausarsa rabi Larabci ce, kuma irin ciwon Yaya ne ke damunsa. Shi ma jerinsa saura kati ɗaya, wato alhudahuda. Kowannensu guda ɗaya tak yake da shi na abin da ɗayan ke nema. In sun yi musanya ba wanda ya cika, sai dai ɗaya ya haƙura ya bar wa ɗaya. A kan wannan suka ƙulla abota, in dai abota za a kira ta.

Kusan kowace Juma'a bayan an sauko, Alhaji Adam zai zo zaurenmu, a dafa shayi, a fara. "Ya Habu, wallahi kai mutumin kirki ne, ba ni alhudahudan nan, halas, shi ke nan, kowa ya huta." Yaya zai ce, "Alhaji, kai ne babba, babba ke yi wa ƙarami kyauta." Alhaji ya yi masa tayin jerin raƙuma gaba ɗaya, ya ƙi. Yaya ya yi masa tayin dakon kayan shagonsa kyauta muddin rai, shi ma ya ƙi. Wani lokaci su ɓata, Alhaji ya tashi ya bar shayinsa a kofi, ya rantse ba zai ƙara tako gidan ba. Juma'a mai zuwa sai ka ji sallamarsa. Ni ina gefe ina ɗinki ina sauraron dattawa biyu suna cacar baki a kan roba, shekara da shekaru, har wayoyin bakin titin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne lokacin da aikin faɗaɗa hanya ya iso layinmu, aka ce mu tashi. Muka samu gida a Zahir. Motar da muka ɗauka ƙarama ce, sai an yi sawu biyu. Na tafi da Rabi da yara don share sabon gidan, na bar Yaya ya loda kaya, na jaddada masa cewa keken ɗinkina ya fara shiga. Da motar ta iso sai na ga katifu, tukwane, da gwangwanayen kati an lulluɓe su da bargo kamar jarirai. Babu keke. Ya ce rana za ta lanƙwasa katunan in aka bar su a waje, keke kuwa ƙarfe ne, ba abin da zai same shi. Kafin mu koma sawu na biyu, masu tsintar ƙarfe sun yi gaba da shi. Da keken nan nake ci, da shi nake aika wa mahaifiyarmu ɗan abin da ya samu. Na yi watanni ina ɗinki a shagon wani kamar sabon ɗan koyo. Gaskiya ce, Yaya ya yi ta dako ba hutu har ya saya mini wani, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Amma bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Ko da ya kawo sabon keken, cewa ya yi, "Ka gani, keke ana samun wani."

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi. Kwana kaɗan kafin ya cika ya sa aka kira ni. Ya ba ni amanar Rabi da yara a taƙaice, ya gaya mini wanda zan nemar masa yafiya a gida. Sannan ya kama hannuna ya matse, na sunkuya ina jiran babbar magana, hawaye na zuba. Ya ce, "Isa, kada ka ba Adam alhudahudan nan." Na rasa ko in yi kuka ko in yi masa faɗa. Maganar kirki ta ƙarshe da muka yi ke nan.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Rumfunan wayar duk an cire su, inda gidanmu yake a Tandabawi ko ni ba zan iya nunawa ba. Yanzu sai ka ga baƙon alhaji yana tsaye a harabar Harami yana magana da iyalinsa a Sakkwato suna ganin fuskar juna, babu kati, babu abin yarwa, babu abin tsinta. Ina jin zai ce an cuci duniya. Kwanakin baya Zainab, wadda yanzu matar aure ce da 'ya'yanta, ta nuna mini a wayarta wasu Amurkawa da ke tara tsofaffin katunan da a da ake sakawa cikin kwalin taba, masu hoton 'yan wasan ƙwallon sanda. Suna sa safar hannu kafin su taɓa, suna rufe su cikin gilashi, wani ya tsufa yana neman kati ɗaya. Yaya bai taɓa shan taba ba, bai san wasan ba, amma na tabbata da ya gan su zai ce ga 'yan'uwansa, sannan ya juyo ya dube ni kamar ya ci ni a shari'a. Zainab ta bincika ko namu katunan suna da masu so. Ba ta samu ko mutum ɗaya ba. Ta ce, "Baffa, halas, ya isa haka mana, a zubar da su." Na ce to. Ban zubar ba.

Alhaji Adam kuwa bai fasa ba. Duk shekara a watan rasuwar zai zo, ya yi addu'a mai tsawo, ya sha shayi, ya ba da labarin Habu har idonsa ya cika, daga nan ya gyara murya ya tambayi alhudahuda. Ni kuma in ce wasiyya ce. Ni da na fi kowa ƙin katunan, ni na zama mai gadinsu.

Bana bai zo ba. Na yi tambaya aka ce ya bar kasuwa, idonsa ya yi rauni, yana wurin babban ɗansa a unguwar Shisha. Na yi shawara da Rabi. Ta ce, "Kai masa. Wanda ya hana ya tafi inda ba a tambayar kati." Na sa katin a aljihu na hau tasi. A bakin ƙofa ɗan nasa ya ja ni gefe ya ce in dai maganar katuna ce kada in tayar, domin tun lokacin da suka dawo Shisha ruwa ya shiga ɗakin ajiya ya lalata kwalayen katunan babansa, suka kwashe suka zubar, an yi shekaru. Wato duk zuwan da tsohon nan yake yi gidana yana roƙo, ba shi da jerin da zai cika.

Na same shi a kishingiɗe, ya rame. Muka gaisa, na ciro katin na sa masa a tafin hannu. Ya shafa shi da yatsa, ya kai shi kusa da idonsa, ya daɗe. Sannan ya miƙo mini. Ya ce, "Mayar. Habu bai ba ni ba, kai wane ne da za ka ba ni?" Na ce, "Alhaji, shekara tara kana roƙona." Ya ce, "Ina roƙo, kana hanawa, haka abin yake. Wa ya ce ka bayar?"

Sai ya laluba aljihun jallabiyarsa ya ciro 'yar jakar fata. Ga shaho a ciki. Shi kaɗai ya tsira, don bai taɓa ajiye shi cikin kwali ba. Ban taɓa ganinsa da idona ba sai ranar, ɗan tsuntsu ne a kan hannun mutum, launin ma ya koɗe. Na ce, "To Alhaji, tunda naka jerin ya tafi, ba ni wannan in cika na marigayi." Ya mayar da shi aljihu da sauri kamar na kai masa wawura. "La, la, la. Wallahi ba na bayarwa."

Ban san lokacin da na gyara zama ba. Na yi masa tayin ɗinka masa jallabiya duk sallah, ya ƙi. Na tuna masa zumunci, na tuna masa shayin da ya sha a zaurenmu, na ɗaga murya har jikokinsa suka leƙo. Shi kuma fuskarsa ta washe, ya tashi zaune, ya ce a kawo shayi. Sai da aka kira magariba na lura na shafe yammacin gaba ɗaya ina cinikin roba, ni Isa tela, da furfurata.

Yaya Habu bai bar wa kowa gida ba, bai bar takarda ba, ko kabarinsa ba zan iya nuna muku ba, don a nan ba a sa alama. Ya bar 'ya'ya masu tarbiyya, wanda rabin ladan na Rabi ne. Ya bar tsohon da in an ambaci sunansa yake tashi zaune. Ya kuma bar ni da rigimar da ban nema ba, ban so ba, na kuma kasa ajiyewa. Allah Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Da ɗan Alhaji Adam ya rako ni bakin titi, ya roƙe ni in riƙa zuwa, wai rabon da su ga babansu ya cinye abincinsa an daɗe. Na ce masa ba don babansa zan dawo ba. Shahon nan haƙƙin yayana ne, kuma sai na karɓo shi.