Hannuwan Malam Abdulgani

Masallacin da Malam Abdulgani yake limanci a unguwar Ruwais, can ƙasa mai tsarki, bai fi ɗaki biyu ba. Mahaifinsa ne ya gina shi da dutsen teku bayan ya iso daga ƙasar Hausa a ƙafa, shi kuwa ya gaji limancin tun gemunsa na baƙi. Hannu sake yake salla irin ta Malikawa, jama'arsa ma haka, babu wanda ya taɓa ce musu kanzil.

Sai ga hukuma ta fara tattara masallatan unguwa a ƙarƙashinta. Aka aiko musu da darduma da lasifika. Malam har bakinsa ya ƙi rufuwa don murna, bawan Allah!

Salihu, wani Bahaushen Sudan da ke aikin akawu a tashar jiragen ruwa, shi ne ya ɓata masa rai.

"Malam, a makaranta an koya mana tarihin Nasara," in ji shi. "A zamanin da, kowace ƙasa da irin addu'ar cocinta. Fafaroma ya riƙa aiko da wakilai daga Rum, ya ce kowa ya bar ta kakanninsa ya yi tasa. Limamin da ya ƙi, a sauke shi."

"A'uzubillahi! Mu kake haɗawa da Nasara?"

"Ban haɗa ba, Malam. Dardumar nan ce ta tuna mini."

Ba a jima ba labari ya zo cewa wakilin hukuma zai zo ya yi salla a bayan Malam, ya ga ko ya dace a bar shi. Dattawa suka ce, halas, a kama hannu a ƙirji ranar nan yadda hukuma ke so, ai ba saɓo ba ne. Malam ya yarda, don tsoro ya kama shi sosai. In aka karɓe masallacin nan, me ya rage masa? Ya dinga gwadawa a tsakar gida, matarsa Madina tana lura da shi, da hannun ya zame sai ta yi gyaran murya.

Wakilin ya zo da magariba. Raka'ar farko lafiya lau. A ta biyu Malam ya ja surar da mahaifinsa ya fi so, karatu ya yi masa daɗi, ya manta da kowa. Hannuwa suka sauka abinsu. Tsofaffin sahun gaba da suka gani, su ma sai suka saki nasu, har ƙarshen sahu. Wayyo, ai da shi kaɗai ne da sauƙi!

Wakilin bai yi faɗa ba. Ya sha shayi, ya ce, "Allah ya saka, ya Shaikh," ya tafi. Daga baya aka turo sabon limami, saurayi mai ladabi, har sumbatar kan Malam yake yi. Malam ya koma sahu. Bai yi ƙorafi ba, amma baƙin ciki ya ci shi, ya rame.

Da aka haifa wa ɗansa Rafi'u ɗa namiji, ranar suna Malam ya sa farar riga tun da safe, ya zauna a tabarmar gaba, don duk yaran unguwar shi ya raɗa musu suna. Rafi'u ya durƙusa kusa da shi.

"Baba, ka yi haƙuri. Na gayyato sabon liman ya raɗa sunan. In ba haka ba, mutane za su ga kamar muna gaba da shi."

Malam ya dube shi. Sannan ya tattara rigarsa ya matsa gefe.