Ledar da ake ci

'Yan uwa, yau na ci leda a Jidda, har na nemi ƙari!

Kun san tun rasuwar Inna ba na iya cin abinci. Da azahar Lan, abokiyar aikina 'yar Vietnam, ta dire mini kwano: jatan lande da ganye da taliya, an naɗe su ƙunshi-ƙunshi cikin farar leda.

Na yi bismillah, na fara ɓare ledar kamar ta alale. Komai ya watse a cinyata!

Lan ta riƙe kai. "La, la, ya Hajiya! Da shinkafa aka yi ta, ci ake yi!"

Na ce, "Ledar?"

Ta tsoma ɗaya a miyar gyaɗa, ta tura mini a baki. Ashe daɗi!

Huɗu na ci. Ta leƙa kwanon, ta ce, "Khalas, shi ke nan, gobe shida."