Kafson da Na Cika da Nonon Inna Dije

'Yan'uwana matasa, ni matar manomin tumatir ce a wani ƙauye kusa da Bunkure. Na gama sakandare, ba na wasa da salla, kuma maƙwabta ni suke kawo wa takarda in karanta musu. Yardar nan tasu na ci amanarta.

Wata rana ƙanwata ta zo daga Kano da wani kafso na gyaran hanji. Takardarsa ta ce yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu amfani irin na nono, kuma ana binciken ko suna taimakon ƙwaƙwalwa. Sai zuciya ta raya mini cewa ai nono muna da shi. Na riƙa shanya shi a faranti, in daka da garin shinkafa, in ɗura a kafso, in sayar a matsayin maganin mantuwa.

Inna Dije, Bafulatanar da nake sayen nono a wurinta, ita ma ta saya wa mijinta, tsoho da ya fara mance hanyar gida. Ta tambaye ni, "'Yar nan, mu bar zuwa asibitin Kura?" Na ce su bari.

Da jikinsa ya tsananta ya kasa haɗiya, sai ta ɓare kafson za ta jiƙa masa, ta ɗanɗana. Da safe ta same ni a tsakar gida. "Shekara nawa ina tatsa? Wannan nonona ne, har ƙamshin ƙwaryata."

Aka kai ƙarata; a gaban alƙali ban musa komai ba, aka ɗaure ni. A gidan yari abu ɗaya nake roƙon Allah: kada tsohon nan ya rasu ta dalilina.

Ranar da na fito, rugarsu na fara zuwa. Na tarar da mijin Inna Dije zaune a gindin mangwaro. 'Ya'yansa sun kai shi asibiti, ashe hawan jini ne da sukari, kuma ya ji sauƙi. Na durƙusa ina kuka. Inna Dije ta ce, "Tashi, likitar ƙarya, kin rame kamar karan dawa. Mun yafe." Alhamdu lillahi, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Ku sha nononku, yana gyara ciki. Amma abin da masana suke kan bincikensa, kada ku sayar da shi a matsayin tabbas. Kuma idan an ce za a kai mara lafiya asibiti, kada bakinku ya hana.