Jifa Uku na Dawuda Mai Birgi

Ka taɓa hango kifi daga taku goma sha biyar, a ruwan da bai kai gwiwa ba, alhali bindinsa, wato wutsiyarsa, kaɗai ya motsa? Dawuda na unguwar Pumpumre a Garwa ya shekara talatin da ɗaya yana wannan aikin. Gidansu gidan fatake ne, kakansu daga Kano ya zo da atamfa. 'Yan'uwansa maza huɗu duk suna kasuwa, shi kaɗai ya ɗauki birgi, ragar nan da ake jefawa ta buɗe kamar laima. Ba shi da kwalekwale. Idan rani ya yi, Binuwai ya janye, sai ya shiga da ƙafa yana farautar karfasa da ido. Ba ya ɗaga ƙafa, jan ta yake yi a kan yashi, saboda kunamar ruwa, wani faffaɗan kifi kamar faifai da ke binne kansa, da ƙaya a bindi. Idan ka zungure ta daga gefe guduwa take yi. Idan ka taka bayanta, sai a ɗauke ka.

A ranin 1997 yanar ido ta fara rufe masa idon dama. Wansa, Alhaji Jibril, ya ce zancen kogi ya ƙare, akwai kujera a shago. Sun yi kwana tara suna jayayya kafin suka yanke: jifa uku, a gaban Alhaji. In babu kifi, a rataye birgi har abada. Ni maƙwabcinsu ne, aka ce in zo in ƙirga.

Ƙarfe bakwai da kwata muka isa. Dawuda ya shiga, rana a bayansa. Minti goma sha takwas yana jan ƙafa kafin ya jefa. Ya jawo ciyawa.

"Ɗaya," in ji Alhaji daga gaɓa. "Wannan kam, akuya ce za ta gode maka."

"Yaya, ka rage murya. Kifi na ji."

"Ya fi ka ji, ya fi ka gani."

Jifa na biyu ya zo bayan minti ashirin da shida. Na ga garken karfasa da idona, sun kai goma. Birgin ya sauka taku biyu hagu da su. Dawuda ya daɗe yana naɗe ragar, bai kalle mu ba.

Sai Alhaji ya ce daga nan ba ya gani sosai, kada a ce ya zalunci ƙaninsa. Ya cire takalmi, ya tattare babbar riga, ya shiga. Tafiyar kasuwa yake yi, yana ɗaga ƙafa sama yana dira ta, kamar mai tsallake kwata.

"Yaya, ja ƙafa."

"Ni za ka koya wa tafiya?"

A daidai lokacin garken ya dawo, taku shida a gaban Dawuda, bindi a sama suna kiwo. Ko makaho zai same su. Ya karkata kafaɗa, ragar na hannunsa. Amma bai jefa ba. Na ga yana lalube yashi da babban yatsan ƙafa. Alhaji na matsowa ta bayansa, saura taku huɗu. Uku.

"Tsaya nan, Yaya. Kada ka sauke ƙafar nan."

Ya juya wa kifin baya ya jefa birgin a gaban wansa. Ruwa ya tashi. Alhaji ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, riga a hammata, yana salati. Kunamar ruwa ce a cikin ragar, faɗinta ya kai kamu guda, ƙayar kuwa na auna ta daga baya, ta fi ɗan yatsana tsawo. Karfasa sun watse.

Sai da muka fita gaɓa Alhaji ya yi magana. "Uku. Kuma wannan ba kifin da muka ce ba ne." Ya zauna, ya cire tabarau. "Ni da gilashi ban gan ta ba. Riƙe ragarka. Amma Litinin za mu je a duba idon."

A hanya na tambayi Dawuda yadda ya hango ta. Ya ce bai hango komai ba. Ramin da ta kwanta ya taka, bakinsa bai rushe ba, ya san yanzu ta tashi, kuma ba ta nisa, baya kaɗan take komawa ta sake binne kanta. An yi masa aikin ido, ya ƙara rani goma sha ɗaya a kogi.

In ka je bakin Binuwai da rani, ka gwada: taku hamsin kana jan ƙafa, ka ƙirga ramuka nawa tafinka zai gane. Ni na tsaya a biyu.