Ƙibar Shagufta

Yayata Shagufta tela ce a Multan. Da ɗanta Tanwir ya nutse a kogi, ta daina cin abinci, ta daina magana. Likita ya ɗora ta a kan maganin damuwa.

Ta fara ƙiba, mu wawaye muka hau murna. Kowa ya zo dubiya sai ya riƙo halwa: "Baji, kin murmure, ƙara!"

Bara muka ga tururuwa na bin fitsarinta. Ciwon sukari ne. Likita ya ce wataƙila maganin ne, wataƙila halwarmu.

Yanzu ko kafar allura ba ta gani. Na ce ta bar maganin.

Ta ce, "Rubina, in na bari, kullum da safe Tanwir sai ya sake nutsewa."